Daga Houston Zuwa Atlanta: Abin da Muka Ci a Bakin Hanya

A watan Oktoban da ya gabata na je Amurka domin ziyartar ɗan wana da ya kammala karatu a birnin Houston, sai zuwan nawa ya yi daidai da lokacin da ya samu aiki a Atlanta, yana ta shirin kwashe kayansa ya koma can. Ya ce in zaɓa, ko in hau jirgi in riga shi isa, ko kuwa mu tafi tare a motarsa, ni kuma na zaɓi mota domin ina son in ga yadda ƙasar take a wajen manyan birane. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,270, wato ta zarce nisan Kano zuwa Legas, kuma ta ratsa jihohi biyar: Texas da Louisiana da Mississippi da Alabama da Georgia. Tun kafin mu tashi na gaya masa cewa nisan hanya ba ya damuna, abin da nake tunani shi ne abin da zan ci, domin ni ba na cin naman da ban san wanda ya yanka ba, balle a zo ga naman alade, wanda a jihohin kudancin ƙasar ake saka shi har a cikin wake da ganye.

Mun bar Houston ranar Asabar bayan sallar asuba, muka hau babbar hanyar da ake kira I-10 muka miƙa gabas. Tana cikin jerin manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa bayan dokar 1956, a zamanin Shugaba Eisenhower, kuma tsarinta ne ya tsara yadda matafiyi yake cin abinci. Ba a tsayawa a gefenta, babu mai talla, babu rumfa, babu ƙauyen da ta ratsa ta tsakiyarsa. Wanda yake jin yunwa sai ya jira mafita ta gaba, inda kafin a iso ta ake kafa shuɗin allo ɗauke da tambarin gidajen abinci da gidajen mai da masaukan da ke wurin. Kusan dukkan sunayen da ke kan allon na manyan kamfanoni ne masu rassa ɗaruruwa ko dubbai, saboda haka sunan da ka wuce a Texas shi za ka sake gani a Alabama. Shingen bincike kuwa ba mu gamu da ko ɗaya ba har muka isa. Akwai dai wuraren auna nauyin manyan motoci, akwai kuma motocin 'yan sanda da ke laɓewa a tsakiyar hanya suna jiran mai wuce ƙa'idar gudu, amma babu wanda ya ɗaga mana hannu ya ce mu buɗe but.

Tsayawarmu ta farko a Baytown ce, a wani katafaren gidan mai na kamfanin Buc-ee's, wanda aka kafa a Texas a 1982. Famfunan mai jere suke gommai-gommai, kantin ciki kuma ya fi yawancin manyan kantunanmu girma, sannan ba a barin tirela ta shigo harabar. Abin da ya fi fito da sunansu shi ne tsabtar bayan gida, kuma na tabbatar da haka da idona, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman wurin kama ruwa a ƙasar da babu buta. A tsakiyar kantin ma'aikata suna yanka gasasshen naman ƙirjin sa suna cusawa a burodi, ga kuma bango guda cike da busasshen nama iri-iri da ya tuna mini da kilishi, sai dai nasu ya fi kauri kuma babu labun ƙuli a jikinsa. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na sayi soyayyen yazawa mai ɗumi da ayaba da kofi, muka koma mota muka ci, domin duk girman wurin babu teburin zama.

A nan ne muka fara muhawarar da ta bi mu har Atlanta. Ɗan nawa ya ce, "Baffa, malaman da muke bi a nan da yawansu sun halatta kaza da naman sa na waɗannan wuraren, saboda aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi." Na ce masa na san ayar, na kuma san akwai malaman da suke kallon yadda inji yake yanka dubban kaji a mahauta ba tare da ambaton sunan Allah ba su ce a'a, kuma ni a ɓangaren waɗannan nake. Ba mu yi rigima ba. Muka yi yarjejeniya cewa kowa zai ci abin da zuciyarsa ta natsu da shi, amma duk gidan da za mu shiga sai yana da kifi ko ƙwai ko wani abin da zan iya ci.

Bayan mun haye kogin Sabine mun shiga Louisiana, muka wuce matatun mai na Lake Charles, sai muka tsaya a wani gidan abinci na bakin hanya wanda ba zan ambaci sunansa ba. Na nemi haɗin ganye, na kuma faɗa wa yarinyar da ke karɓar kuɗi a fili cewa ba na son nama a ciki. Da aka kawo, sai na ga an barbaɗa wasu jajayen ɓurɓushi a sama, ɗan nawa ya duba ya ce soyayyen naman alade ne. Da muka mayar, yarinyar ta yi mamaki ƙwarai, domin a wurinta wannan kayan ƙanshi ne kamar yaji, ba ta lissafa shi cikin nama ba. An canza mini, amma raina ya riga ya fita daga abincin. Daga nan na daina cewa ba na son nama, na koma ambaton alade da sunansa, da kitsensa, da romonsa, a duk inda muka shiga.

Tsakanin Lafayette da Baton Rouge hanya ta hau gadar Atchafalaya, mai tsawon kusan kilomita 29, wadda aka ɗora a kan ginshiƙai bisa wata fadama da itatuwa suke tsaye a cikin ruwa. Muna sauka ba da jimawa ba muka haye kogin Mississippi muka shiga Baton Rouge, inda ɗan nawa ya nace sai mun ci abincin rana a Raising Cane's, domin a wannan birnin Todd Graves ya buɗe reshen farko a 1996, kusa da jami'ar jihar. Abin da ya ba ni sha'awa da gidan shi ne ƙarancin abin da suke sayarwa: soyayyen tsokar kaza, soyayyen dankalin turawa, haɗin kabeji, gasasshen burodi mai kauri, da wata miya ta dangwale. Bambancin wannan tire da wancan a yawan yankan kaza ne kawai. Saboda haka layi ba ya tsayawa, mai kwaɗayi ba ya daɗewa yana duban allo, kuma hujjar ɗan nawa ita ce gidan da kaza kaɗai yake soyawa ya fi nesa da alade. Shi ya ci kaza, ni na ci burodi da kabeji, na sha lemon tsami mai sanyi. Ban ƙoshi ba, don haka a mafita ta gaba muka bi ta tagar masu mota ta McDonald's na sayi burodi mai kifi da suke kira Filet-O-Fish. Asalinsa ma na addini ne: a 1962 wani mai reshe a Cincinnati, Lou Groen, ya ƙirƙiro shi saboda unguwarsa ta 'yan Katolika ce waɗanda ba sa cin nama ranar Juma'a, ciniki yana faɗuwa. Yau Musulmi da yawa a Amurka shi ne abin da suke nema idan hanya ta ritsa da su. Ƙarami ne, kuma mai aikin ƙarfi zai buƙaci biyu, amma ɗanɗanonsa ɗaya ne a kowane reshe, kuma a kan wannan hanyar da wuya ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga tambarin gidan ba.

Mun kauce wa New Orleans ta hanyar I-12, muka sake haɗuwa da I-10 a Slidell, muka shiga Mississippi. A wurin hutawa na gwamnati da ke bakin iyaka muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa, masu yawo da karnukansu suna wucewa babu wanda ya tanka mana. Da magariba muka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da Gulfport, mallakar wani iyali 'yan asalin Indiya, kamar yadda masaukai da yawa na bakin hanya a Amurka suke. Ɗaki mai gado biyu ya tashi kusan dala ɗari bayan an ɗora haraji.

Abincin dare a Waffle House muka ci, kuma a dukkan tafiyar nan babu wurin da na fi jin daɗin zama kamarsa. Ɗan ƙaramin gini ne mai gilasai ta ko'ina da rawayen allo a sama, an kafa na farko a 1955 a Avondale Estates kusa da Atlanta, a hannun maƙwabta biyu, Joe Rogers da Tom Forkner, kuma yanzu rassansa kimanin dubu biyu ne, yawanci a jihohin kudu. Ba a rufe shi dare da rana, ranar aiki da ranar biki. Wannan ya sa Craig Fugate, wanda ya shugabanci hukumar agajin gaggawa ta Amurka, ya mayar da shi ma'aunin ɓarnar guguwa: idan reshen garin yana sayar da komai, alamar kore ce, idan ya rage abinci saboda rashin wuta, ruwan ɗorawa ce, idan kuwa ya rufe, to ja ce, abin ya yi muni. A gabar da guguwar Katrina ta ragargaza a 2005, wannan magana ba ta wasa ba ce.

Da na zauna a kan dogon teburin da ke fuskantar murhu, sai na ga ashe teburin mai shayi ne aka yi wa rufi da gilashi. Ga ƙwai, ga burodi, ga abin sha mai zafi, ga mai suya a gabanka kana kallon hannunsa, ga direbobi da ma'aikatan dare suna hira da shi kamar sun daɗe da sanin juna. Matar da ke ɗaukar oda ba ta kai takarda kicin, daga inda take tsaye take ɗaga murya ta faɗa, shi kuma mai suya yana jera faranti yana ɗora 'yan ƙunshin jam da yankan cuku a wurare daban-daban na bakin farantin, kowane wuri da abin da yake nufi, ta haka yake tuna odar mutum goma ba tare da rubutu ba. Amfanin wannan buɗaɗɗen kicin gare ni shi ne ban buƙaci tambayar kowa ba. Na ga naman alade yana soyuwa a kan faffaɗan ƙarfen da ake soya gogaggen dankali, don haka na haƙura da dankalin duk da shi ne abin alfaharin gidan. Na ga ana soya ƙwai a ƙaramin kasko daban, na roƙi a ɗauko wankakke, aka ɗauko ba tare da ɓata rai ba. Na ga fanken da gidan ya samo sunansa daga gare shi, mai ramuka-ramuka, ana gasa shi a injinsa shi kaɗai. Sai kuma faten barzajjen farar masara da mutanen kudu suke karyawa da shi, wanda ake sa wa man shanu da gishiri, na ci na ji kamar na san shi tun da daɗewa. Kofi kuwa da ƙoƙon ya yi rabi sai a cika, ba a ƙara ko sisi.

A nan na fara fahimtar lissafin kuɗin abinci a Amurka. Farashin da ke kan takarda ba shi za ka biya ba, domin ana ɗora harajin ciniki, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gari zuwa gari. Sannan duk inda ka zauna aka kawo maka abinci, akwai tukuicin da al'ada ta mayar kamar wajibi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin. Da na yi gunaguni, ɗan nawa ya ce, "Baffa, dokar tarayya ta yarda a biya mai irin wannan aiki dala 2.13 kacal a awa, tun 1991 ba a ƙara ba, da tukuicin nan take biyan haya." Daga nan ban sake cewa komai ba. Mu biyu mun tashi a kan dala talatin da 'yan kai, wanda bai fi abin da muka kashe da rana a tsaye ba sosai, alhali a nan mun zauna mun huta.

Washegari Lahadi muka kama hanya da sassafe, a Mobile muka bar I-10 muka hau I-65 muka yi arewa, dajin dogayen itatuwa hagu da dama har Montgomery, babu abin ba da labari. Mun isa Cracker Barrel da ke bakin hanya daidai lokacin da aka taso daga coci, wuri ya cika da iyalai cikin kwalliya, aka rubuta sunanmu aka ce mu jira. Wannan gidan Dan Evins ne ya kafa shi a 1969 a Lebanon ta jihar Tennessee, kuma tun asali domin matafiyan sababbin manyan hanyoyin aka yi shi, shi ya sa yawancin rassansa suke daf da mafita. An gina shi da siffar kantin ƙauye na da, da baranda mai jerin kujerun lilo, kuma ba za ka kai ga teburin cin abinci ba sai ka ratsa ta kantin alewa da kayan tsaraba, a can kuma za ka dawo ka biya kuɗi. Dabarar kasuwanci ce da ba a ɓoye ta ba, kuma tana aiki, domin ni ma sai da na saya wa jikoki alewa.

A barandar na zauna kusa da wani dattijo baƙar fata da ya haura saba'in, wanda ya ga hulata ya tambaye ni daga ina. Da hira ta yi nisa ya ba ni labarin cewa yana yaro, idan za su yi tafiya, mahaifiyarsa takan soya kaza ta zuba a kwalin takalmi tare da burodi da dafaffen ƙwai, domin gidajen abinci na bakin hanya ba sa ba baƙar fata wurin zama, wasu ma ko ta taga ba sa sayar musu. Sai da aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964 aka haramta wannan wariya a gidajen abinci da masaukai. Muna zaune ne a Montgomery, garin da wata baƙar fata, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas a 1955, don haka maganar ta yi mini nauyi. Ya ce shi har yau idan yana tafiya a inda bai sani ba ya fi son ya shiga gidan da ya san tambarinsa, domin ya san irin tarbar da zai samu tun kafin ya buɗe ƙofa.

Ta fuskar abinci, Cracker Barrel ya fi sauran kama da girkin gida, kuma shi ne ya fi buƙatar tambaya, domin kicin ɗin a ɓoye yake. Matar da ta kula da teburinmu ta san aikinta, tana jin bayanina ta ce in bar koren wake da jan wake da dafaffen ganye, domin duk da alade ake ɗanɗana su. Abin da ya rage ya ishe ni har ya yi yawa: gasasshiyar tarwaɗa, masara, karas, da tuffa da aka dafa da sukari. Ɗan nawa ya nemi kuɓewa da aka yanka aka tsoma a gari aka soya, babu yauƙi ko kaɗan, abin da ban taɓa tunanin ana yi da kuɓewa ba. Tarwaɗar ta kiwo ce, jihohin Mississippi da Alabama ne kan gaba wajen kiwonta, kuma an cire mata ƙaya da kai. Shayinsu mai ƙanƙara ne da sukari mai yawan gaske. A kan kowane tebur akwai ɗan katako mai kusurwa uku da ramuka 15, ana tsallake 'yan sanduna ana cirewa har a bar ɗaya, muka yi ta fama da shi kafin abinci ya iso. Kuɗin ya kusa dala hamsin da tukuici, kuma mun ɓata fiye da awa ɗaya da rabi, saboda haka wanda yake sauri ba nan zai tsaya ba.

Idan na kwatanta da hanyar Kano zuwa Abuja, inda direba yake tsayawa a Tafa ko wani zango ya ce a sauka a ci abinci a yi sallah, bambancin yana wurin abin da matafiyi yake dogara da shi. A gida ba na tambayar wanda ya yanka, amma ina duban tsabtar kwano da ruwan wanke hannu, kuma daɗin miya ya danganta da hannun mai tuwon da na faɗa wa a ranar. A can kuwa tsabta da farashi da girman faranti duk an tsayar da su daga hedikwata, abin da ya rage mini shi ne sanin me ke cikin tukunya. Gatan da na samu shi ne amsar da aka ba ni a reshe ɗaya tana aiki a sauran rassan, domin girkin ɗaya ne. Mr Bigg's da Chicken Republic sun kawo mana irin wannan tsari, amma a cikin gari suka fi yawa, ba su mamaye bakin hanya ba.

Daga Montgomery muka hau I-85, muka haye kogin Chattahoochee muka shiga Georgia, agogo ya ƙara awa ɗaya. Ɗan nawa yana ta nuna mini allunan Chick-fil-A, wani gidan soyayyar kaza, yana cizon yatsa, domin duk rassansa a rufe suke ranar Lahadi, ƙa'idar da mai gidan na asali, marigayi Truett Cathy, ya kafa saboda ibada da hutun ma'aikata tun da ya buɗe ƙaramin gidan abincinsa na farko a Hapeville a 1946. Mun shiga Atlanta bayan la'asar, muka sauke kaya, da dare kuma muka je wani gidan abinci na halal na 'yan Pakistan, inda na ci naman rago na farko tun barinmu Houston.

Ranar da zan taso, da yake Hapeville tana daf da filin jirgin sama, ya ce sai mun biya ta asalin gidan Chick-fil-A. Layin motoci ya zagaye ginin, amma matasa ma'aikata suna bin motocin da ƙananan na'urori a hannu suna ɗaukar oda tun kafin a kai taga, shi ya sa layin yake tafiya ba tsayawa, kuma a ladabin magana ban ga waɗanda suka kai su ba. Da man gyaɗa suke soya kazarsu, kuma ƙanshin ya isa ya shaida haka tun daga waje. Shi ya ci burodi mai kaza da yankan kokwamba mai tsami, ya ce a wurinsa nan ne na ɗaya, Raising Cane's na biyu. Ni na sha lemo da ɗan kwanon 'ya'yan itace, na ce masa idan zai sake ɗauko ni a wannan hanya, mu karya a Waffle House, mu ci rana a Cracker Barrel in akwai lokaci, in babu kuma kifin McDonald's ya wadatar, sannan ya sa mini buta a mota tun daga gida.